Zazzaɓin da Muka Ɗauka Har Bawku

Mun tashi da asuba daga garinmu Salaga, a nan Gana, ni da yayana da maigidana, wanda sai a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko shi zuwa tasha saboda ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Tun da muka dawo mata ke shigo mini sannu da zuwa, kowace sai ta ce in ba ta labari, ni kuwa bakina ya gaji da maimaitawa. Bari in faɗe shi sau ɗaya, daga fari har ƙarshe, in huta.

Maigidana fataucin goro yake yi zuwa Najeriya. Ya dawo daga tafiyarsa ta bazarar nan lafiya lau, har da tsarabar sabulu da kwanuka. Bai yi sati a gida ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Likitan garinmu ya taɓa goshinsa, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba da ƙwayoyi. Ba su yi ba, ya koma allura. Ita ma ba ta yi ba. Maƙogwaro ya kama ciwo har ko yawu ba ya iya haɗiyewa, ƙirji na yi masa zafi, idanu suka yi ja. A ƙarshe likitan ya ce abin da ke hannunsa ya ƙare, mu nemi gaba. Kowa ya ce Tamale. Shi kuwa mara lafiyar ya ce Bawku, don can mahaifiyarsa take, in ma mutuwa ce ta same shi kusa da ita. Yayana ne ya raba gardamar. Ya ce mu bi ta Yendi, ya san wani ƙaramin asibiti a can. In an dace, shi ke nan. In ba a dace ba, ai hanyar Bawku ce.

Motar doya muka samu, irin mai bodin katako. Aka baza ciyawa a kan doyar, aka ɗora katifa, aka kwantar da shi. Na zauna a wajen kansa da buta da tsumma, yayana ya riƙe ƙafafun. Hanyar Bimbilla kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai doya ta motsa a ƙarƙashinmu, shi kuma ya yi nishi. Kafin hantsi rana ta buɗe, zafi ya sauko kamar an kifa mana tukunya. A Bimbilla direba ya tsaya cin abinci. Na sayi wasawasa, dambun garin doya, da mai da yaji, na kai loma biyu, na ba yayana sauran. Shi dai ba a taɓa yin tashin hankalin da ya hana shi ci ba. Mahauci ne, ƙato, hannunsa ɗaya ya kai cinyata.

Da la'asar muka shiga Yendi. Abin da ya fara tarbarmu rashin ruwa ne. Mata da garewani a kai ko'ina, kuma kuɗin garwa guda a can ya ishe ni cefanen miya a gida. Asibitin ɗakuna ne 'yan kaɗan a jere, da baranda cike da mutane. Likitan matashi ne siriri, daga ganin idonsa ka san barci bai ishe shi ba. Ya danna cikin maigidana, ya leƙa bakinsa da tocila, ya tambayi irin magungunan da aka sha. Ya ce tunda maganin sauro bai yi ba, taifot ne. Ya rubuta wasu kafso, yayana ya zaga kasuwa ya samo su a shago na uku.

Wadda ta riƙe mu a can wata nas ce 'yar Dagomba, gajera, mai tsohon ciki, ba ta rabuwa da dariya. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta same ni ina share hawaye a baranda, ta dafa ni ta ce, "Kai bar kuka, miji naka zai tashi." Ita ta sa masa ƙarin ruwa. Jijiyar ta ɓuya, sai da ta soka wuri uku, kuma inda duk ta soka jini ya ƙi tsayawa da wuri. Ya ɓata mata yatsu har wuyan hannu. Babu safar hannu. Ta goge da auduga, ta ɗauraye da ɗan ruwan da ke kwano, ta wuce gado na gaba. Da rana ta aiko mini da tubani daga cikin abincinta.

Mun yi 'yan kwanaki a Yendi, kullum jiya ta fi yau. Fuskarsa ta kumbura har idanun suka shige. Wata safiya ina goge masa baki na ga tsumman ya yi ja, dasashinsa ke tsattsafo da jini. Likitan ya zo ya daɗe a tsaye. Ya ɗaga fatar idon yana neman alamar shawara, bai gani ba. Ya ce ko dai shawara ce da ba ta fito ba, ko taifot ɗin ne ya yi nisa, amma ko wanne ne yana bukatar jini, shi kuwa ba shi da wurin ƙarin jini. Bai ɓoye mana ba, ya ce abin ya ɗaure masa kai. Muka sake naɗe katifa.

Wannan karon motar masara ce mai zuwa kasuwar Bawku. Masara ta fi doya daɗin kwanciya, wannan kaɗai zan yaba wa tafiyar. Daga Yendi zuwa Gushegu ƙasa a ƙone take, itatuwan kaɗanya tsaye ba inuwar kirki. A kowane shinge sai 'yan sanda sun hau sun soka buhu. A wani shingen ɗaya ya hau da ƙarfinsa, ya yaye zanen da na rufe maigidana da shi, ya ga fuskar, ya sauka, ya ɗaga mana sanda. Yayana ya ce da ya sani da tun daga Salaga a gaban mota muka ɗora shi, da ba mu ɓata rabin yini a hanya ba. Na yi dariya, na kuma ji haushin kaina da na yi.

A Nakpanduri hanya take gangarowa daga kan dutse. Direba ya ce duk mai ƙafa ya sauka ya taka, don birkinsa ba abin yarda ba ne. Kowa ya sauka har yayana, sai ni da mara lafiya a saman buhuna. Motar na saukowa tana kuka, ni ina kallon ƙasar Kusasi shimfiɗe a can ƙasa, gidaje masu zagaye kamar an watsa ƙwarya. An ce wurin yana da kyau. Ni dai kansa na riƙe a cinyata ina karanta duk abin da ya zo bakina. A Garu muka sha zomkom, ruwan gero mai yaji da ɗan tsami, shi ne abu na farko da ya shiga cikina ya zauna tun Yendi. Na ɗiga masa a leɓe, bai iya haɗiya ba.

Warin albasa ne ya gaya mini mun iso Bawku. Buhuna jibge a bakin hanya, jakuna da kekuna, Mosawa da Busawa da Kusasi da namu kowa na ciniki da Hausa. Ba mu biya gidan mahaifiyarsa ba, asibitin mishan muka wuce. Lokacin sanƙarau ne, har ƙarƙashin itatuwa an kwantar da mutane, an rataye robobin ruwa a rassa. Muka bi layi har rana ta karkata.

Likitan da ya gan mu mutumin kudu ne mai furfura a gefen kai. Da ya buɗe baki sai na ji Hausa tsantsa irin ta Jos. Ashe ya yi shekaru yana aiki a can, ya dawo lokacin da aka koro mutanenmu daga Najeriya. Ya saurari duk abin da na faɗa bai katse ni ba. Ya leƙa maƙogwaron, ya dubi kumburin, ya dubi wuraren allura da suka yi baƙi. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi mana tun daga Salaga.

"Uwargida, kafin ya kwanta, ya yi tafiya?"

Na ce ya je Najeriya.

"Wane gari? A ina ya kwana? Me ya ci?"

Na faɗa masa abin da maigidan ya ba mu labari muna dariya ranar da ya dawo: motarsu ta lalace a wani ƙauye wajen Lafiya, suka yi kwanaki a ɗakin ajiyar garin rogo, ɓeraye na bi ta kansu, abincinsu kuwa garin nan ne a jiƙa a sha. Likitan ya tashi ya je wajen kwano, ya wanke hannunsa da sabulu, ya daɗe yana wankewa. Da ya dawo sai ya ce a fitar da sauran mutanen da ke ɗakin.

Ya ce akwai wani zazzaɓi da ake kira Lassa. Daga fitsari da kashin wani irin ɓera yake, in ya taɓa abinci. In ya shiga mutum kuma, yana iya wucewa ga mai jinyarsa ta jini da amai da fitsari. Na tambaye shi, to shi ne? Ya ce, "Zato nake yi. A duk zamana a can, waɗanda na gani da idona ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya daga cikinsu abokiyar aikina ce. Gwajinsa babu a nan. Sai an kai jini ƙasar waje cikin ƙanƙara, kafin amsa ta dawo ya riga ya tashi ko an riga an rufe shi." Na ce magani fa? Ya ce ya karanta cewa an samu wani da ke taimakawa in an fara da wuri, amma bai taɓa riƙe shi a hannunsa ba. Abin da zai iya shi ne ruwa da jini da sa ido. Sai ya dubi hannuwana, ya ce wa ke wanke masa jiki tun da ya kwanta? Na ce ni.

Aka kwashe tarkace daga wani ɗan ɗaki a bayan asibitin, aka sa mu ciki. Bokitin ruwan bilic a bakin ƙofa. Safar hannu ta ma'aikata ce, ita ma wankewa ake yi a shanya a igiya, ni kuwa leda nake ɗaurawa. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mana. Kowace safiya a sa mini ma'aunin zafi a baki kafin a sa masa. Ban taɓa sanin mutum zai iya tsoron ɗan ciwon kai haka ba. Tunanina duk yana kan yaran da na bari wurin maƙwabciya, waɗanda suka yi ta hawa jikin ubansu kwanakin farko. Yayana ya samu direban da zai koma Salaga, ya ba shi saƙo a ƙone tabarmar da maigidana ya kwanta a kai, a kuma sa ido a kan yaran.

Ba duk likitocin ne suka yarda ba. Akwai wani, shi ma ƙwararre ne, mutane na yabonsa, wanda ya ce taifot ne da aka makara da shi. Ya ce ba a taɓa tabbatar da ciwon nan a Gana ba, kuma tsoratar da ma'aikata a tsakiyar sanƙarau ba ƙaramin abu ba ne. A ƙofar ɗakinmu suka yi ta yi da Turanci, ba da faɗa ba, amma kowa ya tsaya a kan nasa. Ɗan abin da na tsinta shi ne, ɗaya na cewa in ka yi kuskure mun wahalar da mutane a banza, ɗayan na cewa in kai ka yi kuskure za mu binne nas. A ƙarshe aka ci gaba da ba shi maganin taifot, aka kuma bar mu a killace. Na kwanta a tabarmata ina tunanin cewa mutane biyu mafi ilimi a garin nan sun duba mijina, kuma ba su san abin da ke kashe shi ba.

Da aka zo neman jini, na yayana ne ya dace. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ashe bai iya kallon allura. Ya ce a ba shi minti ɗaya. Ya fita ya zaga asibitin, ya dawo, ya kwanta ya rufe fuska da hularsa, ya miƙa hannu yana salati da ƙarfi har masu jinya suka leƙo. Da aka gama ya miƙe ya ce ai ba komai ba ne, ya taka uku, ya zube. Nas biyu suka kasa ɗaga shi, sai fifita suka yi masa a inda yake. Har gobe in na tuna sai na yi dariya, sai kuma hawaye ya biyo.

Surukata, wadda muke kira Mma, an hana ta shiga. Tsohuwa ce da sanda, ta yi rigima har ta gaji. Sai ta samo kujera 'yar tsuguno ta kafa a ƙarƙashin tagar ɗakin, daga safe har magariba. Ta nan take yi masa magana, labarin 'yan uwa, farashin albasa, wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ko a kwanakin da ba ya gane ni, in ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro sai ya yi ɗan gurnani. Da wannan gurnanin take komawa gida.

Bayan jinin da kwanaki, zazzaɓin ya fara sauka. Kumburin ya sace, ya sha koko cokali uku, washegari ya sha rabin kofi. Likitan ya tsaya a ƙofa ya ce da alama mun haye. Ranar ce na fara cin tuwo da miyar ayoyo na ji ɗanɗanonsa. Saƙo kuma ya zo daga gida cewa yara lafiya.

Wata safiya yana zaune an jingina shi da bango, idonsa biyu, Mma ta kira shi ta taga. Bai juya ba. Ta sake kira. Ta ɗaga murya har na ce, "Mma, ai ga shi zaune." Na taɓa shi na nuna masa tagar. Ya dube ni, ya dubi bakina, ya ce, "Me ya sa kike motsa baki ba ki magana?" Na saki kofin ƙarfen da ke hannuna ya faɗi a siminti. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Da likitan ya zo ya gwada shi, ya ce kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama da ɗan saura in an yi ihu a kusa. Ya ce ciwon da yake zato yana yin haka, sau da yawa daidai lokacin da mutum ke warkewa. Wasu jin yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, kuma bai san abin da ke raba su ba. Ɗayan likitan ya ce allurar sauron da aka yi ta yi masa ma tana iya toshe kunne. Ko a nan ba su haɗu ba. Mma ta ɗauki kujerarta ta matso da ita jikin tagar, ta zura hannu ta tsakanin ƙarafa, ya kama.

Sai da suka tabbata ni ban kamu ba aka sallame mu. Ranar tafiya likitan ya tambaye ni ko a Yendi wani ya taɓa jininsa. Na faɗa masa zancen nas ɗin, da cikinta. Ya rufe ido. Ya ce ya aika musu saƙo tun tuni, bai san ko ya isa ba, in mun bi ta can in tsaya in tambaya.

Dawowa ta fi sauƙi, a zaune maigidana ya yi ta, a gaban mota. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, mutane sun fito da garma. Mma ta cika mana kaya da albasa da ƙwan zabi. Hawan dutsen Nakpanduri kowa ya sauka ya taka, har da shi, a hankali, yana dafe da kafaɗar yayana.

A Yendi na bar su a tasha na tafi asibitin ni kaɗai. Saƙon bai iso ba. Matashin likitan ya gane ni, ya yi murna da jin maigidan na raye. Da na faɗi sunan ciwon sai ya zauna. Ya ce sun karanta shi a makaranta, bai fi shafi guda ba, an ce musu ciwon Najeriya da Saliyo ne. Ya ce ranar da ya ga jinin dasashin abin ya gifta masa a rai, ya kore shi, don bai taɓa jin an same shi a ƙasar nan ba, kuma bai san mutumin ya yi tafiya ba. Na ce ni ma ban san abin faɗa ba ne.

Na tambayi nas ɗin. Ya ce bayan tafiyarmu ta yi zazzaɓi mai zafi, cikin ya zube, ita ta rayu, tana ƙauyensu wurin uwarta tana murmurewa. Na ce daga wurinmu ne? Ya buɗe tafin hannuwansa. Ya ce a wannan lokacin rabin ma'aikatansa na kwanciya da zazzaɓi, kuma na sauro ma yana zubar da ciki. Ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba. Ya tambaye ni yadda aka killace mu a Bawku, me aka sa a bokitin, ya ce zai nemi safar hannu ko da daga aljihunsa ne. Na bar mata ƙwan zabin nan gaba ɗaya, na ce a ce mata matar mai goro ce. Ban san me kuma zan bari ba.

Mun iso Salaga da yamma. Yara suka fito da gudu suna ihun Baba oyoyo, shi yana ta murmushi yana bin bakunansu da ido. Ya rame, amma yana cin abinci, jiya har ya taka zuwa masallaci.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. A da ina ganin likita ko dai ya sani ko bai sani ba. Yanzu na ga huɗu, ba ragon ko ɗaya a cikinsu, kowa ya kira ciwon da sunan abin da ya saba gani, wanda ya fi kusa da gaskiya kuma shi ne ya fi yawan cewa bai sani ba. In kun kai mara lafiya, ku faɗi inda ya je da inda ya kwana ko ba a tambaye ku ba. Ku rufe abincinku. Kada ku taɓa jinin kowa da hannu tsirara, ko na mijinku ne. Masu tambayata sunan ciwon kuma, ina faɗa muku Lassa, amma ku sani zato ne, da zaton aka sallame mu.

Maigidana kuwa tun a mota yake tambayata me likitan Yendi ya ce, ya kuma tambayi nas ɗin nan mai dariya, ko ta haihu. Ya sake tambaya yau da safe, ya juyo mini da kunnen dama yana jira. In zan ba shi amsa sai na ɗaga murya har maƙwabta su ji, ita kuwa ba magana ce da ake faɗa da ihu ba. Na ce masa ya sha kokonsa kada ya huce.